Ba A Barin Na Baya

Jiya na ji usur a bakin coci, raina ya ɓaci. Na tuna marigayin tsohon da ya koya mana fareti muna yara. Mugun mutum, ba ya dariya.

Ranar da muka taka daga Yasore zuwa Batsari, na baro wani yaro mai ɗingishi. Tsohon ya ƙwace takalmana.

"Koma ka goyo shi, ɗan banza! Ba a barin na baya."

Yashi ya gasa mini ƙafa.

Bara 'yan bindiga suka tarwatsa mu a gona. Na riga na tsira, sai ga ni na koma na goyo maƙwabcina da aka harba.

Har yau ban yafe wa tsohon ba. Allah Ya ba shi hutun da ya hana mu.