Darasin Domen da Renji Bayan an Buga Ƙararrawa

Har gobe ban manta da wata Laraba ba, a zangon karatu na biyu, lokacin ina koyar da lissafi a wata sakandare da ke bakin garin Birnin Gwari. Ina tare da 'yan aji biyu na babbar sakandare, muna kan domen da renji. Ga wanda bai sani ba, domen su ne lambobin da ƙa'idar lissafi take karɓa, renji kuwa amsoshin da take fitarwa.

Wajen sha ɗaya na safe aka buga ƙararrawa ba lokacin tashi ba. Shugaban makaranta ya leƙo, ya ce an ga babura da yawa a bakin daji, a sallami kowa. Tsarin aiki ke nan, idan labari irin wannan ya zo, ba a jiran tabbaci.

'Yan cikin gari suka watse. Saura goma sha ɗaya, waɗanda hanyar gidajensu ta bi ta gefen dajin nan. Na bi shugaban na ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan ina za su bi?" Ya ce shi umarni aka ba shi, in na riƙe su, a wuyana suke.

Na riƙe su. Na rufe ƙofa, na koma allo, don ban san abin da zan yi da su ba ban da wannan. Na ɗauki alli. Ko babur ɗin ɗan acaba ya wuce sai kawuna su juya taga, har da nawa. Na rubuta ɗaya a sama, x a cire biyu a ƙasa, na ce kowace lamba za ta shiga.

Rifkatu, wadda ba ta cika magana a aji ba, ta ɗaga hannu. "Malam, ban da biyu. Ƙasan zai zama sifili."

Gaskiyarta. Na miƙa mata allin. Daga nan musu ya kaure kan renji, ko amsar za ta taɓa zama sifili. Suka yi ta gwada manyan lambobi, amsa na ƙanƙancewa ba ta kai sifili ba. Ni dai kunnena na waje.

Bayan azahar iyaye suka iso tare da 'yan sintiri. Ashe an tare hanyar da gaske, an tafi da manoma. Washegari na sami takardar neman ba'asi kan saɓa umarni. Na amsa ta, shugaban ya sa hannu, ya jefa a durowa, bai sake tayar da maganar ba.

Darasin da na ɗauka, ku da kuke shigowa aikin koyarwa: umarni yakan zo wa makaranta gaba ɗaya, amma malami ne ya san hanyar gidan kowane yaro. Ku tambayi yaran hanyoyin gidajensu tun ranar farko.