Ranar da muka cire injin motar Baba

Ko tsufa ya cinye ni, ranar da na kwance motar mahaifinmu a Shagari ba za ta fita raina ba.

Tsohuwar mota ce mai filogi shida, wadda aka ce tsere ake yi da ita a ƙasar waje kafin ta faɗo hannun Baba. In ya taka ta daga Boɗinga, kafin ka gyara zama kun iso gida. Mu biyu ne maza a wurinsa. Ni babba ya kai ni gareji koyon kanikanci, ƙanena kuwa ya ɗora shi kan sitiyari. Ni ne mai baƙin mai har gwiwar hannu, shi ne mai farar riga da gaisuwa ta taga. Ko sau ɗaya Baba bai taɓa miƙo min makullin motar ba, kuma abin ya ci min rai ba kaɗan ba.

Da Baba ya rasu, sai ga wasiyya wai mota ta ƙanena ce. Daga nan na rage zuwa gida. Motar ta yi shekaru a gindin dogon yaro, har ran da ya kira ni: injin a-kori-kurar da yake dakon albasa da ita daga Dandin Mahe ya buga, yana so a cire na Baba a sa mata. Na ce to. A raina kuwa na ƙudura, in na gama wannan aiki, ni da shi sai gaisuwar salla.

Na sami motar Baba tayoyi sun zauna, ɓeraye sun yi wa kujeru kaca-kaca, kaza har ta yi ƙwai a baya. Tsatsa ta ci ƙasanta, in ka danna yatsa sai ya shige. Na ɗaga bonet, na cire filogi, na ɗiga mai, na sa sifana na juya injin. Wallahi fata nake ya cije. Sai ya juya lafiya lau, kamar jiya aka kashe shi. Haushi ya ƙara kama ni: ni na yi ta wahala da injin nan tun ina saurayi, ga shi ya tsaya da ƙafarsa don wani.

Muka kafa itace uku, muka rataya sarƙa. Na kwance lagireto, na raba inji da giyabos, ina jefar da noti kamar su suka yi min laifi. Ƙanena na tsaye yana miƙo min sifana, duk wadda na ce sai ya kawo wata daban.

Na ce, "Shekara nawa kana tuƙa ta, ko sifana ba ka sani ba. Ɗan gatan Baba ke nan."

Ya ce, "Yaya, ni ne ɗan gata? Bonet ɗin ga ko taɓa shi bai bari in yi ba. Da ta yi ɗan tari sai ya ce a kai wa yayanka, shi kaɗai na yarda da hannunsa."

Na ce, "Makulli fa?"

Ya ce, "Na taɓa tambayarsa. Ya ce yayanka jininsa da zafi, in ya hau motar ga ba ni iya runtsawa." Ya sunkuyar da kai. "Ni kuwa sai ya miƙo min makulli, ya juya ya yi barcinsa."

Sarƙa na hannuna, inji na lilo a tsakaninmu. Ashe duk shekarun da nake leƙen kujerarsa, shi ma garejina yake leƙe, kowa na ganin ɗan'uwansa ne aka fi so. Na ce masa, "Riƙe nan, kar ya faɗo." Muka sauke shi tare, a hankali.

Injin yana nan yana jan albasa har yau, kuma na koya wa ƙanena cire filogi da kansa. Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, kafin ka ƙullaci ɗan'uwanka kan abin da aka ba shi, ka tambaye shi abin da aka hana shi.