Kwanon Gidana a Wurin Ciyayya

Mun fi shekara goma muna ciyayya a ƙofar gidan Alhaji, mu huɗu. In an idar da sallar magariba kowa ya shiga gida ya fito da kwanonsa, a jera a kan tabarma, a ci na wannan a koma na wancan. Akwai Alhajin da kansa, dattijo marar yawan magana. Akwai wani Bakano mai sayar da tayar mota a bakin hanyar Kaduna. Akwai Ticha, tsohon malamin firamare, Kirista daga Filato, da yake haya a bayan layinmu. Shi yakan zauna a kan benci da kularsa a gefe har mu fito daga masallaci. Sai ni, tela, haifaffen nan Suleja, jinin Zazzau.

Tsakanina da Bakanon akwai wasan nan na Kanawa da Zage-zagi, kuma a kan abinci ya fi yin sa. Ina ajiye kwano zai ɗaga murfi ya leƙa.

"Yau ma doya? Bazazzagi, kai in aka yanka ka sakwara ce za ta fito."

In ce masa, "To cire hannunka, bawana. Jiya wa ya suɗe kwanon?"

Haka yake kushe girkin matata yana kai loma. In na shiga na gaya mata, sai ta ce in gaishe shi, gobe za ta ƙara masa barkono.

Ta rasu a tsakiyar damina, bayan jinyar sati uku. Maƙwabta suka yi ta aiko da abinci har aka yi arba'in. Daga nan 'yata ta koma ɗakinta a Sabon Wuse, ɗana ya koma wurin aikinsa a Abuja, gida ya rage ni kaɗai. 'Yar ta so ta riƙa aiko mini da abinci ta hannun direbobi, na hana ta.

Kwana bakwai ina fita ciyayya ba kwano. Ba wanda ya ce komai, amma loma ba ta wuce mini da daɗi. A wurin ciyayya baƙo ne kawai yake zama bai kawo na gidansa ba, ni kuwa ban yarda na zama baƙo a kan tabarmar da na tsufa a kanta ba.

Sai na fara rufe shago da la'asar. In shiga gida in sa sakata, in wuce madafi. Ban taɓa tuƙa tuwo ba a rayuwata, na dai sha wucewa ana yi. Ban san ana fara yin talge ba. Ruwa na tafasa na antaya garin masara gaba ɗaya, ya dunƙule ya yi gudaji, ciki gari waje danƙo. Miyar kukar ma haka, ta tsinke a sama ta kwanta a ƙasa. Na mulmula abin da ya mulmulu, na zuba a kwanon da aka saba gani, na fita.

Alhaji ya ce, "A'a, wa ya yi mana girki?"

Na ce, "'Yar ƙanwata ce. Takan zo ta dafa ta koma."

Bakano ya ɗaga murfi ya leƙa. Na jira. Ya daɗe yana kallon tuwon, sannan ya ce, "Masha Allah. Allah ya yi mata albarka." Ya sa hannu.

Tun daga wannan daren ban ƙara samun natsuwa a wurin ba. Ni na dafa, ni na ɗanɗana, na san abin da ke cikin kwanon. Amma kullum nawa ne yake fara ƙarewa. Ga gwaten gidan Ticha yana ƙamshin yakuwa, ga shinkafa da waken gidan Bakano da mai da yaji, a bar su a yi ta cin gudajina. Na koma kallon hannuwa. Na ga Ticha yakan gutsuri tuwona ya tsoma a miyar gidan Alhaji in ya ga hankalina yana wani wuri. Na ga Bakano ya daina taunawa, haɗiya kawai yake yi.

Na zargi 'yata, na ce ko ta yi musu waya. Na tambaye ta a kaikaice, ta ce rabonta da su tun ranar arba'in. Ban yarda ba. Na zargi hayaƙin da ke tashi daga gidana, na koma dafawa da gawayi. Na daina sayen kayan miya a cikin gari, ranar kasuwar Izom na hau mota na je na sayo kuka da daddawa a inda ba a san ni ba. Wata safiya matar Ticha ta wuce ta gaban shagona za ta coci, ta ce, "Baba tela, sannu da ƙoƙari." Na yini ina juya maganar. Wane ƙoƙarin? Na ɗinki ko na me? Sau biyu kuma na hango Ticha da Bakano a tsaye sun haɗa kai, ina ƙarasowa suka koma zancen cunkoson hanyar Abuja.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Bakano. Wata biyu bai ce mini Bazazzagi ba. Sunana yake kira a hankali, kamar mai gaida marar lafiya. Na tsokane shi, na ce Kanawa ba su san abinci ba sai gurasa. Ya yi murmushi ya ce, "Haka ne."

Na ce sai na gane gaskiya. Wata Laraba na kaɗa miya, na cika hannuna da gishiri sau biyu na zuba. Na ɗanɗana, na tofar. Na ce a raina, in har yau ma suka ci suka yi shiru, to sadakar tausayi ake yi mini, ba ciyayya ba.

Na ajiye kwano. Ticha ya kai loma, idonsa ya kawo ruwa, ya yi tari ya ce barkonon gidansa ne. Bakano ya ci ya ce masha Allah. Alhaji ya ci loma ɗaya ya sha ruwa, ya ci ta biyu ya sha ruwa. Yana miƙa hannu a ta uku na tuna. Mutumin nan yana da hawan jini, likita ya hana shi gishiri, shekara nawa miyar gidansa lami take fitowa saboda haka. Duk tsawon yinin ina shirya gwajina ban tuna da shi ba ko sau ɗaya.

Na fizge kwanon daga gabansa, miya ta zube a tabarma.

"Alhaji, kar ka ƙara. Ni na zuba gishirin nan, da gangan na zuba."

Sai na ƙarasa musu maganar.

"Kuma babu wata 'yar ƙanwata. Ni nake dafawa."

Bakano ya goge hannu a hankali. Ya ce, "Ƙanwar taka da na sani 'ya'yanta biyar, duk maza. Tun ranar farko nake so in tambaye ka wanne ne a ciki ya koma mace."

Ticha ya so ya yi dariya, ya danne.

Na ce, "To kun sani, me ya sa kuke ci? Kun haɗa baki ke nan."

Ticha ya ce, "Mun yi mitin, Baba tela, ba zan ɓoye maka ba. A shagon taya muka yi. Muka ce duk abin da ka kawo, mu cinye."

Alhaji ya ce, "Kwanon gidanka ne. Ba ma so ya daina fitowa."

Na juya wurin Bakano. "Kai fa? Bakinka ne ya mutu?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "In na kushe, wa za ka shiga ka kai wa ƙarata?"

Aka kira isha'i, muka tashi. Na ba Alhaji haƙuri a hanyar masallaci, ya ce loma biyu ba ta kisa. Duk da haka da asuba sai da na tsaya na ga fitowarsa da ƙafarsa kafin hankalina ya kwanta.

Kafin mu watse a daren Ticha ya ce shekara tara ya yi yana koyarwa a ƙauye ba mata, shi yake dafa wa kansa, gobe zai zo ya nuna mini. Na ce ba sai ya zo ba. Na ɗauka wannan ma a mitin ɗinsu aka tsara, kuma har yau ban tabbata ba haka ba ne.

Washegari da la'asar na ji sallamarsa a zaure. Ban da 'yan uwa, babu namijin da ya taɓa wuce zauren nan zuwa cikin gidana. Na bar shi a tsaye ya yi sallama sau uku ina zaune ina jin sa. Sannan na tashi na zare sakata.

Ya shiga madafi ya naɗe hannun riga, ya duba tukunya, ya duba gari. Ya kai hannu zai ɗauko muciyar da ke rataye a bango, wadda mariƙinta ya yi santsi saboda daɗewa a hannun matata.

Na ce, "Ba wannan ba."

Na miƙa masa sabuwar da na saya. Ya karɓa bai tambaye ni dalili ba.

"Ɗebo gari kaɗan a ƙwarya," ya ce. "Da ruwan sanyi za ka fara damawa."