Injin Bin Taurari a Gonata

A kakar da aka haifa mini ɗiyata ta biyu Baturen nan ya sauka a gonata. Ƙauyenmu ɗan ƙarami ne, tsakanin Kusada da Yashe, gidana kuwa shi ne na ƙarshe ta kudu, daga danga sai gona. Noma nake yi, da rani in taɓa gini. Na taɓa yin aikin kwalbati a hanyar Kankia, a can na koyi kwaɓa siminti, kuma ɗan sanin nan ne ya ja mini abin da ya same ni.

Washegarin suna ina gyaran rumbu sai ga mai unguwarmu, da dogari, da wani saurayi mai gajeren wando da takalmi sau-ciki. Shi ne tafinta. Ko sallama bai yi ba, ya tsaya yana kallon gidana kamar an kawo shi juji. Mai unguwa ya ce wani Bature mai aikin awon ƙasa ya sami hutu, yana son wuri mai tudu, nesa da gari, inda zai kafa madubin kallon taurari. An zaga an duba, gonata ta yi masa.

Na ce, "Ranka shi daɗe, dawata ba ta nuna ba, ga wake a ƙasa."

Ya ce, "Gonarka ce, kuma kai ka iya siminti. Ka ga an hutar da kowa."

Tafintan ya ce, "Ba shawara aka zo yi da kai ba."

Motar Baturen ta kafe a rairayi tun kafin ta iso, don haka a ka muka ɗauko kayan, ni da maƙwabtana. Akwatunan katako ne, wani dogo kamar makara, wani ƙarami amma ya fi dutsen niƙa nauyi. Muka ratsa cikin dawa da su, kara na karyewa, dogari na bayanmu yana cewa a yi sannu da kayan Bature. Aka sa ni na sare dawata da hannuna, fili mai faɗin masussuka, aka kafa masa tanti a gefe.

Baturen dogo ne, jajir, wuyansa duk ya saɓule saboda rana. Bai taɓa kallon fuskata ba, hannuwana kaɗai yake kallo. Ya ɗauko kamfas, ɗan abin nuna arewa, ya yi ta juye-juye, ya kafa turaku biyu, ya ja igiya a tsakaninsu daga kudu zuwa arewa. Ya ba ni wani allon katako mai huda uku, aka zura dogayen ƙusoshin ƙarfe a ciki. Tafinta ya ce in haƙa rami har in tarar da tsauri, in tayar da ginshiƙi zuwa ƙuguna, in binne ƙusoshin a samansa, bakin allon ya bi igiyar daidai. Daga nan Baturen ya hau doki ya tafi Kankia, ya bar mu.

Da safe muka tarar awaki sun shiga sun tumɓuke turke ɗaya. Na ce a jira mai abu ya dawo. Tafinta ya ce shi ya yi makaranta, ya san arewa. Ya lumshe ido ɗaya, ya soka turken inda ya ga dama, ya ce in zuba. Na zuba.

Da Baturen ya dawo siminti ya riga ya kama. Ya ɗora kamfas a kai, ya ɗaga, ya sake ɗorawa, sai ya cire hularsa ya maka da ƙasa. Ya yi ta faɗa. Tafinta yana ta ba shi amsa da Turanci, yana nuna ni da yatsa. Ba na jin ko kalma ɗaya, amma na san abin da yatsan nan yake cewa. Na ce, "Gaya mashi awaki ne, kuma kai ka mai da turken." Ya juya ya yi wa Baturen wata gajeruwar magana, Baturen ya girgiza kai. Har yau ban san abin da aka ce na ce ba. Dogari ya miƙo mini guduma. Na rushe abin da na gina, na sake sabo, ana tsaye a kaina kamar ɓarawon da aka kama.

Bayan na biyun ya bushe aka buɗe akwatuna. Abin da ke cikin ƙaramin akwatin shi ne kan injin da zai riƙe madubin, baƙin ƙarfe mai sanda a karkace, da wani faifai mai ƙananan haƙora kamar na zarto. Mu huɗu muka cicciɓa shi muka zaunar a kan ƙusoshin. Baturen ya ɗora wata 'yar kwalba mai ruwa, yana ɗaure noti da sifana yana kwancewa, sai da kumfar da ke cikin ruwan ta tsaya a tsakiya. Sa'an nan aka ɗora bututun madubin a gefe ɗaya, a ɗaya gefen aka zura wani dunƙulen ƙarfe don ya daidaita nauyi. Wajen zura shi ya suɓuce ya danne mini babban yatsa. Baturen ya yi tsalle ya zo, ya ɗaga dunƙulen ya duba ko ya ƙwarzane. Farcen nan bai sake fitowa daidai ba.

Tafinta ne ya yi mana bayanin abin, ba don mu sani ba, don mu san shi ya sani. Ya ce taurari tafiya suke yi daga gabas zuwa yamma, in ka sa madubi a kan ɗaya, kafin ka kira wani ya gani ya fice. Shi injin nan, in aka haɗa masa waya da batirin mota, zai riƙa juya bututun a hankali yana bin tauraron, har Bature ya ɗauki hotonsa. Amma ba zai bi daidai ba sai an saita sandar nan ta kalli wani tauraro guda da ke can ƙasa-ƙasa a arewa, wanda ba ya gusawa.

Arewa da ginshiƙin kuwa babu komai sai ɗorawata, bayanta sai gidana.

Ɗorawar aka fara taɓawa. Da magariba Baturen ya durƙusa ya leƙa ta jikin sandar, ya tashi ya nuna babban reshen da ya fi kowanne yin 'ya'ya. Da gari ya waye aka sa ni na hau na sare shi. Na ɗauka an gama. Da yamma ya sake durƙusawa, ya daɗe, sai ya miƙe yana nuna gidana. Hayaƙi ne ke tashi, da hasken wuta a jikin danga.

Mai ɗakina tana jego. Iyayenta sun rasu, gwaggonta ce ta zo daga Dudunni take yi mata wanka. Tsohuwa ce gajera mai faɗa, ba ta taɓa sona ba tun ranar da na je neman aure. Safe da yamma takan hura wuta a ƙarƙashin ƙatuwar tukunya, ruwa ya tafasa da ganyen runhu, ta yi wa mai jego wanka, ta dama mata kunun kanwa, ta zuba garwashi a ƙarƙashin gadon ƙasa. Haka aka yi wa uwata, haka aka yi wa uwar kowa a garin.

Tafinta da dogari suka zo ƙofar gida. Tafinta ya ce daga la'asar har rana ta fito kada a ga wuta ko hayaƙi a gidan nan, domin hayaƙin yana sa tauraron Bature rawa. Kuma a daina daka da yamma, ƙasa na girgiza.

Gwaggo ta fito da muciya a hannu. Ta ce, "Mi ka ce, ɗan nan?"

Ya maimaita.

Ta ce, "Kai uwarka da ruwan sanyi ta yi wankanka? Tahi ka gaya ma jan mutumen can, in tauraro yake so ya hau sama ya same shi. Yarinyar ga ɗanyen jiki gare ta."

Na roƙi a kai ni gaban Baturen in yi masa bayani. Tafinta ya ce Bature ba ya son surutu. Na je wurin mai unguwa, ya ce in yi haƙuri, 'yan kwanaki ne, shi ma ba da son ransa ba. Yana faɗa yana kallon ƙasa.

Gwaggo ba ta fasa ba. Washegari da yamma ta hura wutarta, ta ma ƙara itace. Ruwa na cikin tafasa dogari ya banko ƙyauren kara ya shigo har tsakar gida, inda ko ƙanena ba ya shiga sai da sallama. Ya sa ƙafa ya ture tukunyar. Ta fashe, ruwan ya kashe wutar, tururi ya turnuƙe gidan. Jaririya ta tsala kuka a ɗaki. Na yi kan dogarin, maƙwabta suka rirriƙe ni, wani dattijo yana ce mini in na taɓa shi a Kankia zan kwana, wa zai duba iyalina. Gwaggo ta tsaya a kan fasasshiyar tukunyar ta dube ni, ba dogarin ba.

Ta ce, "Kai ka gina mashi. Da hannunka. Sau biyu ma."

Daren nan mai ɗakina ta kwana a gado mai sanyi. Kafin gari ya waye zazzaɓi ya rufe ta, ƙafafunta suka kumbura. Ko rashin wankan ne, ko tsoratar da ta yi ce, ni ban sani ba, amma Gwaggo ba ta da shakka. Ta sa aka ɗaura wa jaki akumari, aka ɗora mai jego, ita ta goya jaririyar, ta ja hannun babbar ɗiyata. Na ce zan raka su. Tafinta ya ce ba inda za ni, ni ne mai gadin inji da rana, kada awaki ko yara su matso. Na tsaya a bakin danga ina kallon jakin yana tafiya da ita tana rangaji, har suka shiga cikin karan gero.

Da magaribar ranar Baturen ya sami tauraronsa. Ya durƙusa yana murɗa noti kaɗan-kaɗan, ya leƙa, ya murɗa, ya leƙa, sa'an nan ya ɗaure komai tam. Ya haɗa waya da batir. Injin ya kama wani ɗan ƙugi kamar zuma a cikin kogon itace. Ya juya bututun gabas, wajen da taurarin Kaza da 'ya'yanta ke fitowa, ya sake shi. In ka zuba masa ido ba ka ganin motsinsa, amma kafin a kira lisha bakinsa ya ɗaga sama ba tare da kowa ya taɓa ba. Baturen ya yi ta tafa hannu yana dariya shi kaɗai. Ya ba tafinta ya leƙa, ya ba dogari. Sai ya waiwayo ya yafuto ni, karo na farko da ya dubi idona.

Tafinta ya ce, "Ya ce ka zo ka gani. Ba kowa ake ba ba."

Na ce, "Ce mashi ba ni so."

"Kai, Bature ne ke kiranka."

"Na ji. Ba ni so."

Baturen ya tsaya da hannunsa a miƙe, fuskarsa cike da mamaki. Na gane a lokacin cewa bai san an fasa tukunya ba, bai san akwai mai jego ba, wataƙila ma bai san gidan nan nawa ne ba. Wannan bai sanyaya mini rai ba ko kaɗan. Mutum ya kwana a gonarka, ya ci ƙwan kajinka, bai taɓa tambayar hayaƙin mene ne yake tashi ba. Ya ɗaga kafaɗa ya koma kan madubinsa. Ni kuma na koma gida na zauna a cikin duhu, na ci ragowar tuwon da maƙwabciya ta aiko, mai sanyi.

Haka muka zauna har hutunsa ya ƙare. Da rana ina zaune gindin ginshiƙi, an lulluɓe injin da tamfol, tsuntsaye na cin dawata ina gani, an hana ni buga gwangwani don Bature na barci. Bafulatanin da ya saba sauka a gonata bayan girbi, shanunsa su ci kara su bar mini taki, ya zo ya hango tanti da dogari, ya kaɗa garkensa ya yi gaba. Ranar tafiya muka kwance injin, muka mai da shi akwatuna, muka kai bakin hanya a ka. Tafinta ya shiga gaban mota bai waiwayo ba.

Ban koma gida ba, daga nan na kama hanyar Dudunni. Na tarar da mai ɗakina zaune a tabarma tana ba yarinya nono. Kumburin ya saɓe, amma ta rame, idanunta sun faɗa. Na yi sallama, Gwaggo tana tankaɗe ba ta amsa ba. Na ce na zo in tafi da iyalina. Ta ce sai an yi arba'in, kuma ko an yi sai ta ga dama. Ba ta ba ni ruwa ba.

Da zan tafi mai ɗakina ta rako ni zaure tana dafa bango. Ta tambaye ni ko an girbe waken. Na ce abin da ya rage bai kai a kira shi girbi ba. Sai ta ce in zan dawo in biya kasuwa in sayo tukunya, babba, kuma in ƙwanƙwasa ta da kyau kafin in ɗauka.