Gurbi na Bakwai

A ƙarƙashin matattakalar ofishin rajistar baƙi akwai wani tebur mai gajeriyar ƙafa, an tokare ta da katako. Shekara talatin da huɗu mutum ɗaya ne ke zama a bayansa, da wata tsohuwar tafireta. Aikinsa cike wa mutane fom. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin jama'a. Kuskure ake ce masa, don duk takardar da aka miƙa masa, kafin ya gama gyara zaman tabarau ya riga ya furta kalmar.

Ba mutumin da ake so ba ne. Gaisuwa da hanci yake amsa ta. Masu gadin ofishin sun ce ko ruwan sanyi ka ba shi sai ya nemo masa aibu. Ɗaliban da ke zuwa daga wasu ƙasashe su suka fi shan bakinsa. Yakan ce sun yi tafiyar kwana da kwanaki da digiri a jaka, amma ba su iya rubuta ranar haihuwarsu ba. Unguwar ma ba ta fi shi sakin fuska ba. Masu gidajen haya suna gane baƙo tun daga yadda yake jan akwati, kuma amsarsu ba ta canzawa: an riga an kama ɗakin.

Ranar da ake rufe rajistar shekara, wajen ƙarfe ɗaya, wata mata ta sauko daga bene tana jan akwati mai karyayyiyar taya. Ma'aikaciyar jinya ce, ta bar 'ya'ya biyu wurin ƙanwarta ta zo ƙarin karatu, jirginta kuma ya makara da kwana uku. Ƙa'idar a fili take: wanda bai sami hatimin ofishin ba kafin a rufe taga ƙarfe biyu, makaranta za ta ba wani wurinsa. Akawun da ke saman bene ya dawo mata da fom ɗinta ba hatimi, mai gadi kuma ya nuna mata ƙarƙashin matattakala da baki.

Kuskure ya karɓi takardar da yatsa biyu, ya faɗi abin da ya saba faɗa, ya yaga ta gida huɗu.

"Baba, shekara goma sha biyu ina cike fom a asibiti," ta ce.

"Allah ya jiƙan waɗanda kika cike wa. Kawo fasfo."

Ya buɗe, ya ɗora farce a kan sunanta. Wanda ya buga fasfon ya ci harafi ɗaya, ita kuwa ta rubuta sunan cikakke a fom. Ta ce ai haka mahaifinta ya raɗa mata. Ya ce mahaifinta ba ya aiki a saman benen nan.

"A ginin nan sunanki ba naki ba ne, na fasfo ne. Abin da ya ci, ke ma ki ci."

Ya jawo aljihun tebur don ɗauko sabon fom. A ƙasan fomafoman akwai wata takarda da ta tsufa har ta koma ruwan ƙasa, a ninke, an zagaye harafi ɗaya a jikinta da jan biro, wurin hatimi kuma fari fat. Ya ture ta gefe kamar yadda yake yi kullum. Ba wanda ya taɓa tambayarsa ta waye. Matarsa dai ta taɓa gaya wa wata maƙwabciya cewa in zazzaɓi ya kama shi, da wani yare yake ƙirga.

Tafireta ta kama ƙara. Suna, shekara, makaranta. Da ya zo gurbi na bakwai, inda ake sa adireshin mazauni, ya ɗauko guntun tsohon fom ɗinta ya duba. Ta rubuta: ina kan nema. Ya karanta da ƙarfi har mai gadi ya yi dariya.

Ta gaya masa, a taƙaice, cewa ƙofa shida ta ƙwanƙwasa tun safe. Ɗaya ya dubi akwatinta ya rufe. Ɗaya ta ce girkin baƙi yana kama labule. Na ƙarshe bai fito ba, karensa ya tura ya amsa.

Kuskure ya ce su ma suna da gaskiya, wa zai so ku. Ya tsaya yana kallon gurbin, yatsunsa a sama, har ta duba agogo sau biyu. Can ya ja tsaki, ya buga layi ɗaya da ƙarfi kamar mai kashe kyankyaso, ya zare takardar. Ya ce ta sa hannu, kada ta karanta, ba lokaci. In ta hau, kada ta gaishe da akawu, kada ta yi bayani, ta ɗora fasfo a sama ta yi shiru. Akwatin kuma ta bar shi nan, ba wanda zai saci wannan tarkacen.

Saura minti goma ta hau. Ya zauna yana goge haruffan tafireta da tsohon buroshi, alhali tun safe ya goge su. Ba a daɗe ba akawun ya leƙo ta saman matattakala, takardar a hannunsa.

"Kuskure, wai gidan nan naka ɗaki nawa ne?"

"Gurbin adireshi ya tambaya, bai tambayi ɗakuna ba."

Akawun ya ce yanzu ba kamar da ba ne, mai bincike yana bi gida gida, in ya je bai tarar da ita ba, hatimin ya mutu. Kuskure ya ce ya zo, amma ya goge ƙafa kafin ya shiga. Akawun ya koma yana gunaguni. Can daga sama aka ji bugun hatimi sau ɗaya a kan katako. Kuskure ya ajiye buroshin.

Ta sauko tana karanta gurbi na bakwai. Ta buɗe baki, ya riga ta: ta jira ya tashi aiki, kuma kada ta yi masa magana a hanya.

Haka suka tafi, shi a gaba da tafireta a kafaɗa, ita a baya akwati na kukan taya. Bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Mai shagon bakin lungu ya tambaya ko an sake kwaso wata ke nan, ya ce su ne ke ɓata unguwa. Kuskure ya ce masa akwai kuskure biyu a allon shagonsa, shekara tara ke nan, ya wuce.

Matarsa ta tare su a ƙofa, hannu a ƙugu. Ba ta dubi baƙuwar ba. Ta tuna masa cewa bara da bakinsa ya ce na ƙarshe ke nan, ta ce gidanta ba tasha ba ne, ita ba za ta ƙara wanke wa kowa ko cokali ba. Sannan ta juya wajen matar ta zayyana mata: ba baƙi, ba rediyo, ruwan zafi sau biyu a mako, kuka kuma a yi shi a hankali don bangon siriri ne. Ta tura ƙofar ɗakin baya. A share yake tas. Katifar da ɗuminta, kamar wadda ta wuni a rana.

A bayan ƙofar akwai sunaye a jere, da biro iri iri, wasu sun dushe. Matar gidan ta miƙa mata biro ta ce kowa yana rubutawa, don in cokali ya ɓata a san wanda za a zaga. Ma'aikaciyar jinyar ta rubuta nata a ƙasan na goma sha bakwai, a hankali, yadda yake a fasfo.

Kuskure, wanda ya zo wucewa da buta, ya tsaya ya gyara tabarau.

"Kuskure," ya ce.

Ya karɓe biron, ya cusa harafin da ya ɓata a tsakanin 'yan uwansa, ya mayar mata.

"Nan ba ofis ba ne."

Ya wuce, yana faɗa da matarsa a kan wanda ya bar famfo na ɗiga.