Ajin Tarihi da Tsohuwar Cikin Kufai

Shekarar da muke shirin jarrabawar shiga makarantar Midil, Turawa na mulki, aka kawo mana sabon malamin tarihi daga Zariya. Dogo ne siriri mai sanyin murya, ba ya riƙe bulala. Makarantarmu a Birnin Gwari ɗakunan ƙasa ce da jinka, muna zama bibbiyu a benci.

Ran da ya fara shiga ajinmu bai buɗe littafi ba. Ya ce yana da dokoki, mu riƙe su a ka. Wanda ya makara ya tsaya bakin taga ya saurara daga waje. Ba a taɓa taswira sai an wanke hannu. In ana labarin yaƙi ko yunwa ba a dariya, domin waɗanda suka mutu mutane ne kamarmu. Kowa kuma zai kawo labari daga bakin wani dattijo kafin hutu. Wadda ta fi ba mu wuya ita ce dokar "wai". Da ka ce wai an yi kaza, sai ya ɗaga hannu.

"Wa ya faɗa maka? Shi kuma gani ya yi, ko ji?"

Ya ce dokar nan har shi ta hau kansa, duk inda ƙafa za ta iya kaiwa ba zai yarda da wai ba.

Abokin zamana a benci wani ɗan Fulani ne da aka kawo boko daga rugarsu ta bakin dajin Kamuku. Da layin kawo labari ya zo kansa, sai ya ce akwai wani kufai a cikin daji inda shanu ba sa cin ciyawa, kuma da rana tsaka wani lokaci akan ji ana daka, alhali ba kowa a wurin. Wasu suka fara murmushi, Malam ya dube su, suka haɗiye.

"Wa ya faɗa maka?"

"Baffana, Malam. Da kunnensa ya ji."

"Ƙafa tana kaiwa?"

"In an yi sammako."

Ranar da ba makaranta muka tashi bayan asuba, Malam a gaba da gorar ruwa. Muka wuce gonakin dawa da aka girbe, muka shiga cikin doka da maɗaci, tsando na cizonmu a wuya. Rana ta kusa tsaka muka iske ganuwa wadda ruwan sama ya cinye, saura tudu-tudu. Cikinta kukoki ne manya, da rijiyoyin marina da suka cike da ganye, da duwatsun niƙa a kife.

Sai muka ji. Dum, dum, a hankali, daga bayan kukoki. Na dubi Malam na ga leɓensa na motsi da addu'a. Ya ɗan tsaya, sannan ya nufi wajen, muka bi shi a cure.

Wata tsohuwa ce Bagwariya, ƙanƙanuwa, tana daka 'yar dawa a ramin wani dutse. Gefenta ta share wani fili fes, kewayayye kamar gurbin ɗaki. Ba ta firgita da mu ba.

Malam ya rusuna. "Iya, sannu da aiki. Nan gidanki ne?"

Ta amsa da Hausarta mai karyewa, ta ce ɗakin uwarta ne. Bayan girbi takan zo ta share, ta daka, ta koma. Malam ya tambaye ta abin da ya tashi garin. Ta ce mahaya ne suka zo da hantsi, mata na daka. Ita aka cusa ta cikin kogon kuka, daga ciki ta ga an ɗaure mutane da igiya an yi gaba da su. Ta riƙa nuna ƙasa da taɓarya: nan gidan maƙeri, nan na mai ganga, nan rumbunsu. Mu ciyawa kawai muke gani. A littafinmu duk wannan layi ɗaya ne, cewa an yi fama da hare-hare a ƙasar nan kafin zuwan Turawa.

Tana cikin magana idonta ya faɗo kaina, sai ta tsaya. Ta ajiye taɓarya, ta matso, ta kama haɓata da hannunta mai sanyi, ta juya fuskata dama da hagu. Ta kira wani suna da Gwaranci, ta sake kira.

"Ɗan nan, wa ya haife ka?"

Na faɗi sunan mahaifina, ba ta san shi ba. Ta ce goshin nan da idon nan na yayarta ne, wadda aka tafi da ita ran nan da tsaba a hannu. Malam ya dafa kafaɗata, ya yi mata godiya, ya bar mata goron da ke aljihunsa. A hanya ya tara mu ya ƙara doka: abin da aka ji a kufai ba abin gori ba ne, wanda ya yi wa wani gori da shi ya bar ajinsa.

A gidanmu akwai kakata ta wajen uba. Tun tasowata da carbi na san ta, ban taɓa jin wani harshe a bakinta ba sai Hausa, ban kuma taɓa tambayar inda danginta suke ba. Washegari da la'asar na same ta tana kaɗi a ƙofar ɗakinta. Na ba ta labari, na faɗi sunan nan yadda na ji shi. Mazarin ya faɗi daga hannunta ya gangara, ba ta bi shi da ido ba. Sai ta dube ni.

"Kukar nan mai kogo tana nan?"

"Tana nan, Kaka. In kai ki?"

Ta girgiza kai. "Yarinya take nema. Ni tsohuwa ce."

Mahaifina ya ji mu daga zaure. Ya kira ni ya ce kada in sake tayar da maganar. Da ranar kawo labarina ta zo, na miƙe na ce ba ni da shi. Malam ya dube ni, ya ce in zauna, ya kira na gaba.

Kafin damina Kaka ta ba ni zane saƙi da ƙullin gishiri, ta ce in ba abokina baffansa ya kai wa tsohuwar kufai. Baffan bai iske kowa ba, sai ya ɗora a kan dutsen dakan ya danne da wani. Da ya sake bi ta wajen, kayan ba sa nan. Ko tsohuwar ce ta ɗauka, ko wani mafarauci, ban sani ba. Ba mu tambaye ta ƙauyen da take zaune ba, abin da ya dame Malam ke nan har aka yi masa canjin wurin aiki.

Ina Midil ciwon ajali ya kama Kaka, na zo hutu na same ta kwance. Hausa ta riga ta bar bakinta. Gwaranci take yi, tana kallon ƙofa, tana tsayawa kamar mai jiran amsa. Mu 'ya'yanta da jikokinta muna zaune kewaye da ita, ba mai jin ko kalma ɗaya. Aka aika kasuwa a nemo mai jin harshen, kafin ya iso ta cika.