Mai Tiyo da Na'urar Dogo

Duk wanda ya taɓa yin gini a unguwar ya san Mai Tiyo, kuma da wuya ka sami wanda bai taɓa cacar baki da shi ba. Birkila ne, gajere, mai furfura har a gira, ga taurin kai kamar jakin da ya hango rami. Shekararsa sittin da biyu, arba'in da biyar daga ciki a kan bulo da siminti ya yi su. Sunan ya samo shi ne daga wani farin tiyo mai tsawon mita ashirin, irin wanda ake ganin ruwa ta cikinsa, da yake yawo da shi a naɗe a kafaɗa. In ana son a san wane wuri ya fi wani tudu, sai ya ɗura masa ruwa, wani ya riƙe baki ɗaya, shi ya riƙe ɗayan. Inda ruwan ya tsaya a nan, daidai nan yake tsayawa a can, sai a shata da alli a jikin bango. Iyakar ilminsa na awo ke nan, kuma bai taɓa zuba daɓen da ruwa ya kwanta a kansa ba.

Yana da shekara shida mahaifiyarsu ta rasu, yayarsa ce ta raine shi da keken ɗinki. Ita ta kai shi makaranta, ita ta je ta ɗauko shi a aji huɗu da malamin ya ce ya gaji da yaron da ke masa gardama a kan allo. Ita kuma, da ya tasa, ta kama hannunsa ta kai shi wurin wani tsohon magini, ta ce tunda bakinsa ba ya mutuwa, ya je ya yi musu da bulo. Har gobe Auta take kiransa, a gaban jikokinsa ma, kuma duk duniya ita kaɗai ce za ta faɗa masa magana ya haɗiye amsa. Yanzu ta ba saba'in baya, gwiwoyi sun ƙi, sai mutum biyu sun kama ta take miƙewa. Gidanta ne na ƙarshe a lungun, ɗakinta kuwa ya nutse, don an yi ta cika hanya da ƙasa shekara da shekaru, har ya zama in za ka shiga sai ka sauka taki biyu.

To, a shekarar da nake ba ku labari, aka katange filin da ke bayan gidanta aka yi gini. Ta nan ruwan sama yake sulalewa ya fita, yanzu lungu ya zama ba mafita. Mutanen unguwa suka yi ta kai kuka har aka ba da aikin kwata, wadda za ta kwashe ruwan gidaje arba'in ta kai babban kwalbatin bakin titi. Wanda ya sami kwangilar kuwa Dogo ne, maigidan Mai Tiyo.

Maigida dai a baki, don tare suka fara ɗaukar yashi a ka suna leburori. Allah ya ba Dogo zaƙin baki ya zama ɗan kwangila, ya ba Mai Tiyo hannu ya tsaya a kan cokalin gini. Shekara talatin da ɗaya ke nan suna a haka, Dogo na karɓo aiki, Mai Tiyo na fitar da shi kunya.

Ranar da aka zo duba wurin aikin, Dogo ya sauko daga mota da wata 'yar na'ura mai ruwan ɗorawa, ba ta fi tafin hannu ba, irin mai karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam ta faɗa maka inda kake a duniya. Ya ce har tsayin wuri daga kan teku tana faɗa, ya riga ya auna, an gama. Bakin titi mita ɗari huɗu da tara ne, ƙofar Yaya ɗari huɗu da goma sha biyu.

"Ka ga ke nan titi ya fi kwari da mita uku," in ji shi. "A haƙa zurfi ɗaya daga farko har ƙarshe, ruwa zai gangara da kansa. Sati uku mun tashi, kafin damina ta sauka."

Mai Tiyo ya dubi lungun, ya dubi na'urar, ya dubi Dogo daga sama har ƙasa.

"Mita uku? Tsayin ɗaki fa ke nan. Dogo, kullum ta nan nake turo keke, da akwai hawan mita uku ai da ƙafata ta gaya mini. Yaushe ka auna?"

"Titi ranar Litinin, can ciki ranar Alhamis."

"Me ya hana ka yi duka rana ɗaya?"

"Ƙasa tana motsi ne daga Litinin zuwa Alhamis? Haba tsoho, abin da jiragen sama ke aiki da shi ne za ka ce tiyonka ya fi shi?"

Leburori suka kwashe da dariya. Mai Tiyo bai yi dariya ba. In Dogo ya yi kuskure, kwatar nan za ta tattaro ruwan gidaje arba'in cif ta sauke shi a ƙofar matar da ba ta iya tashi da kanta.

Washegari da sassafe ya taso matarsa, tana mita tana cewa ita ba lebura ba ce, kuma in mutane suka gan ta da tiyo a titi ta shiga uku da bakinsu. Duk da haka ta riƙe. Sau goma sha biyar suna matsawa gaba, yana shata alli a bango, tana ce masa ya yi sauri ta bar tukunya a wuta. Da suka kai ƙarshe ya auna da igiya, ya sake aunawa. Ƙofar Yaya ce a kwari, da tsayin bulo biyu da rabi. Mafita ɗaya ce, a fara kwatar sama-sama daga ƙofarta, ana ƙara zurfi har a kai titi da rami zuwa ƙirjin mutum. Aikin sati uku ya koma na sati biyar ke nan.

Sau uku yana samun Dogo su biyu. Na farko a cikin mota, na biyu a bakin shagon mai siminti, na uku har gida. Dogo ya ce masa don gidan yayarsa ne shi ya sa yake ganin kwari inda babu. Ya kunna na'urar ya nuna masa lambar, har da ɗigo da wata lamba a bayansa.

"Dubi, ɗari huɗu da goma sha biyu da ɗigo shida. Abin da ya san ɗigo shida ne zai ɓata da mita uku?"

Wannan ɗigon shi ya cuci Dogo, wallahi. Ni ban ce na'urar maƙaryaciya ce ba. In ka tambaye ta a wane lungu kake, za ta kai ka har kusa da ƙofa, don taurarin da take ji sun kewaye ka gabas da yamma. Amma tsayi wani abu ne daban. Duk taurarin a samanka suke, babu ko ɗaya a ƙarƙashin ƙafarka, ga katangu suna tare wasu, kuma waɗanda ta ji da safe ba su ne take ji da rana ba. Sai ta kintata, ta ba ka lamba gyararriya har da ɗigo, ko kunya babu. Mai hawa dutse ba ruwansa da kuskuren mita biyar. Mai haƙa kwata kuwa inci biyar ma ya ishe shi kuka.

Ranar Asabar aka ja igiya, aka fara haƙa daga bakin titi, zurfi ɗaya kamar yadda Dogo ya ce. Mai Tiyo ya zo ya tarar an ci taki goma. Ya ɗauki bulo guda ya dire a tsakiyar hanya, ya sauka cikin ramin, ya zauna daram a gaban masu diga, ya miƙe ƙafafu.

"Ku ci gaba," ya ce. "Ku fara da ni."

Diga ta tsaya, shebur ya tsaya. Wa zai sari tsohon da ya koya wa rabinsu riƙe cokali? Aka kira Dogo a waya, ya zo ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba.

"Fito daga ramin nan kafin raina ya ɓaci!"

"Ya daɗe bai ɓaci ba. Ɗora abarka a kan bulon can, a bar ta har rana ta karkata. In ta tsaya a kan magana ɗaya, na rantse, da kaina zan yanka tiyon nan gunduwa-gunduwa, in haƙa maka kwatar yadda kake so."

Mutane sun riga sun taru, mai shago ya fito, mata na leƙe ta ƙofa. Dogo ya ga dama ce ta rufe bakin tsoho sau ɗaya, ya kunna ya ɗora. Aka sa mai aski ya riƙa karantawa, don shi ne mai babbar murya kuma shagonsa na kallon wurin.

"Ɗari huɗu da goma!"

Bayan awa ɗaya mai aski ya ajiye almakashi ya sake leƙawa.

"Ɗari huɗu da goma sha huɗu!"

"Ikon Allah," in ji Mai Tiyo daga cikin rami. "Jama'a ku matsa, bulo ya tashi sama mita huɗu, kada ya faɗo wa wani a ka."

Da rana ta take, lamba ta koma ɗari huɗu da shida. Mai Tiyo ya ce a kawo igiya a ciro bulon, ya faɗa rijiya. Dariya har da masu riƙe ciki, wata tsohuwa ta ce a ɗaure bulon nan kafin ya bar unguwa. Shi kuwa bulo yana nan inda aka dire shi, ko gezau. Kafin la'asar ya hau ya sauka sau biyar, tsakanin lamba mafi girma da mafi ƙanƙanta mita takwas.

Dogo ya ɗauke na'urarsa ya sa a aljihu. Fuskarsa ba fushi a ciki, kunya ce zalla, kuma ita ta fi fushi muni. Ya tsuguna a bakin ramin ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"A gaban yarana ka yi mini haka? A gaban mata?"

"Sau uku na same ka mu biyu."

"To ka ci. Allinka za a bi. Amma ba da hannunka ba, tattara kayanka. Ni da kai mun gama."

"Ko da hannun wa za a yi, a bi allin," in ji Mai Tiyo. Ya fito ya kakkaɓe wando, ya naɗe tiyonsa, ya tafi bai waiwaya ba.

Ba yau Dogo ya fara korarsa ba, sun saba, ya kore shi da yamma ya zo ɗaukarsa da safe yana danna odar mota. Wannan karon Mai Tiyo ya yi shiri ya zauna a ƙofar gida ranar Litinin har hantsi, mota ba ta zo ba. Talata ma haka. Abin ya yi masa ciwo sosai, ya fi yadda ya zata, don ba aiki kaɗai ya rasa ba, ya rasa mutumin da ya fi kowa sanin ƙuruciyarsa. Matarsa ta ce ya je ya ba da haƙuri, ko don shekaru talatin. Ya ce haƙurin me zai bayar, shi ya ce wa bulo ya tashi?

Ranar Laraba ya ɗauki kujera ya kafa a ƙofar Yaya. Ba mai biyansa, ba mai gayyatarsa, amma sati biyar yana nan. Sabon birkilan da aka kawo in ya kauce wa alli da faɗin yatsa sai ya ji murya daga nesa, "Kai ɗan nan, ƙara zurfi, ba kabarin kaza kake haƙa ba!" Dogo yakan zo ya wuce, ba gaisuwa, kowa ya kau da kai. Yaya ta tambaye shi me ya sa ba ya zuwa aiki, ya ce hutu aka ba shi. Ta ce ƙarya bai iya ba tun yana ƙarami, amma ba ta matsa ba.

An gama da kwana tara ruwan farko ya sauko, da rana tsaka, kamar da bakin ƙwarya. Mai Tiyo ya fito ba lema ba takalmi, ya bi lungun da gudun da rabonsa da shi tun yana saurayi. Indararo arba'in na zuba, kwata ta cika ta kusa batsewa. Ya tsaya a ƙofar Yaya yana haki, ya tsinki ganye ya jefa a ciki. Ganyen ya juya sau ɗaya, ya kama hanyar titi. Ya tsaya a nan ruwa na dukansa har aka ɗauke, yana kallon dokin ƙofar, ko ɗigon kwata bai haura ba.

Sannan ya sauka taki biyun nan ya shiga. Daɓen a bushe ƙayau. Tana kwance a kan gado ta juya wa ƙofa baya tana barcin rana, carbinta a hannu. Ya jingina da bango, ruwa na ɗiga daga rigarsa, sai ga hawaye, shi da ko ranar da bulo ya fasa masa yatsa bai yi ba. Motsinsa ya tashe ta, ta juyo da ƙyar.

"Auta? Me ya jiƙa ka haka? An yi ruwa ne?"

Ya share fuska da hannun riga.

"Yayyafi ne, Yaya. Koma ki kwanta."